Difloma ko digiri na biyu: wanne ya dace da mai koyar da yara masu buƙata ta musamman?

Malamin da ya gama digiri yana da hanya biyu. Diflomar bayan digiri ba ta cika wuce shekara guda ba, kuma ta fi dacewa da wanda ya karanta wani fanni daban. Aiki ne na cikin aji: maganar hannu, rubutun makafi, da yadda za ka zaunar da kurma a gaba don ya ga bakinka. Har da zama da uwar da aka ce mata aljanu ne suka taɓa ɗanta, ka lallaɓa ta ta kawo shi makaranta. Wannan ɓangaren ni ya fi damuna, domin yaran da ake ɓoyewa a gida suna da yawa.

Digiri na biyu, irin na Jami'ar Bayero, Jos ko Ibadan, ya fi tsawo da cin kuɗi, kuma sai ka rubuta kundin bincike. Shi ke kai ka ga koyar da malamai da tsara manufofi, inda ake buƙatar ƙwararru tun bayan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a 2019.

In gobe za ka shiga aji, fara da difloma.