Cibiyar ba iyalai shawara: ta taimaki maigidana, amma akwai ƙorafi

Masu tambayata a kan cibiyar nan da muke kai maigidana Baban Ummi, ga abin da na gani da idona.

An ɗauke shi a hanyar Birnin Gwari a 2022, shekarar da aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Allah ya kuɓutar da shi bayan an sayar da abin da aka sayar. Tun da ya dawo, babur ya ratso layinmu sai ya miƙe zumbur, gumi ya karyo masa. Barci sai ɓarawo. Yara ko cokali suka yar sai tsawa. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, da likita ya ambaci masu ba da shawara kuwa Hajiya surukata ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne da za a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Da ƙyar ta yarda.

Zaman da aka tara mu gaba ɗaya shi ne ya saye ni. Malamar ta tambayi kowa me yake yi idan abin ya motsa masa. Na ce ina rufe tagogi, ina kashe rediyo lokacin labarai. Ƙaninsa ya ce shi ya karɓi cefane da shago. Hajiya ta ce ko masallacin Juma'a ta hana shi. Muna zaune muna jiran a ce sannunku da ƙoƙari.

Sai ta ce, "Hajiya, duk wannan ƙauna ce, amma da ita tsoron yake ƙiba."

Ta yi bayani dalla-dalla: duk lokacin da ya kauce wa abin da ke firgita shi ya ji sanyi, ƙwaƙwalwarsa na ɗauka cewa gudun ne ya cece shi, gobe sai ta ƙara neman gudun. Hajiya ta ɗaure fuska. "To yarinya, titi za mu jefa shi ke nan?"

"A'a Hajiya, mataki-mataki za mu bi, kuma shi zai zaɓa."

Haka aka yi. Ya fara da sauraron ƙarar babur a waya, can ƙasa-ƙasa, yana faɗin inda tsoron ya kai tsakanin 0 da 10, ba ya kashewa sai lambar ta sauko. Daga nan tsayuwa a ƙofar gida, daga nan majalisar bakin titi. Ta koya masa shaƙar numfashi a hankali da fitar da shi a tsawaice, ta haɗa masa da tasbihin bayan salla, sannan ta damƙa wa Hajiya aikin tuna masa. Wayon matar nan ya burge ni: wadda ta zo da faɗa ta koma ita ce mai bin sawu. Ni kuma aka ce in daina "lafiya dai ko?" kowane minti, in riƙa yaba abin da ya iya yi. Yara aka faɗa musu a sarari cewa tsawar Baba ba laifinsu ba ce. Yanzu yana shiga Keke shi kaɗai har Kasuwar Barci.

Da a nan aka tsaya, da ban rage musu komai ba. Amma ana tsakiyar aiki aka canza mana malama ba ko sanarwa. Saurayin da muka tarar bai buɗe fayil ba, ya ce Baban Ummi ya ba shi labarin daji tun daga farko, har dukan da aka yi masa. Waccan a hankali take taɓa wannan wuri, ba ta sallamarsa sai ya natsu. Wannan kuwa lokaci na cika ya dubi agogo. Daren nan a zaune muka kwana, majalisar ma sai da ya ƙaurace mata na wani lokaci.

Ga ɗakin, falanki ne ya raba shi da wurin jira, kukan wata mata har kunnena. Tun Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ana ta maganar mutuncin majinyaci, amma bulo ya gagara? Ga kuɗin zama da suka ƙara, takardun aikin gida kuma duk da Turanci, sai Ummi ce ke karanta wa kakarta.

Na ɗaga murya a ofishin shugabarsu kafin aka mayar mana da malamarmu. In za ku je, ku je da duk wanda maganarsa ke da nauyi a gida, kuma tun ranar farko ku sa a rubuta cewa mutum ɗaya zai riƙe ku har ƙarshe.