Sharhi kan wani saitin ƙwarangwal ɗin dainoso na koyarwa

Wannan saiti na roba, wanda ake sayarwa domin ɗalibai da malaman kimiyya, yana ɗauke da ƙananan ƙwarangwal na dainoso, wato wasu dabbobin zamanin da da suka ɓace daga doron ƙasa, waɗanda mai saye zai harhaɗa da hannunsa, tare da ɗan littafin bayani. Robar tana da ƙarfi, gaɓoɓin suna shiga junansu ba tare da gam ba, sai dai haƙarƙarin sirara ne kuma suna buƙatar hannu mai sanyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ƙera ƙashin ƙugu, domin a nan ne ilimin rabe-raben waɗannan dabbobi ya ta'allaƙa. Tun a shekarar 1887 masanin Ingila Harry Seeley ya raba dainoso gida biyu bisa siffar ƙugunsu, kuma duk wanda ya ɗora ƙwarangwal ɗin Tiranosoras kusa da na Sitegosoras a kan teburi zai ga dalili da idonsa: a na farko ƙashin gaba na ƙugu ya nufi gaba da ƙasa, a na biyu kuwa ya karkata baya ya kwanta kusa da ɗan'uwansa, kamar yadda yake a jikin tsuntsu. Ɗan littafin ya yi kyau da ya fayyace cewa duk da wannan kamanni, tsuntsaye sun fito ne daga gidan farko, daga cikin masu cin nama da ke tafiya da ƙafa biyu. An kuma bar rami a gurbin da kan ƙashin cinya yake shiga, ƙafafun suna tsaye a ƙarƙashin jiki maimakon su baje gefe kamar na ƙadangare, wutsiya kuma a ɗage take ba ta jan ƙasa. Wanda ya tsara waɗannan ya san aikinsa.

Shi ya sa kuskuren da ke cikin akwatin ya fi ba ni takaici. An sa Teranodon mai tashi sama, da Filesiyosoras na cikin teku, da Dimeturodon mai dogon tozo a gadon baya, duka a ƙarƙashin sunan dainoso, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da yake dainoso. Teranodon dangi ne na kusa, amma gidansa daban, fiffikensa fata ce da ta rataya a kan yatsa na huɗu da ya yi tsawo ƙwarai. Lamarin Dimeturodon ya fi muni, domin ya ɓace daga doron ƙasa shekaru miliyoyi da dama kafin dainoso na farko ya bayyana wajen shekaru miliyan 230 da suka wuce, kuma ya fi kusanci da dabbobi masu shayarwa. Abin ban haushi, shaidar tana nan a jikin robar kanta: ƙoƙon kansa rami ɗaya ne a bayan ido, na Tiranosoras kuwa biyu, amma littafin bai ce uffan ba a kan wannan bambanci da ya isa darasi guda cikakke.

Hannayen Belosirafta, wani ƙaramin dainoso mai cin nama, su ma an juya tafinsu suna kallon ƙasa, alhali ƙasusuwan da aka tono sun nuna cewa suna fuskantar juna ne. Hoton da ke jikin kwali ya nuna shi da fatar kada, ko da yake a shekarar 2007 an bayyana alamun matattarar gashin fiffike a ƙashin hannun wani da aka haƙo a Mongoliya. Haka kuma ba a ƙera dabbobin bisa ma'auni ɗaya ba, har Belosirafta, wanda bai wuce girman talotalo babba ba, ya kusan kai Tiraiseratos tsawo.

Ina ganin malamin da ya riga ya san darasinsa zai ci riba sosai, musamman idan ya ware baƙin nan uku gefe guda ya sa ɗalibai su gano da kansu abin da ya hana su shiga gidan. Iyayen da za su miƙa wa yaro akwatin ya karanta shi kaɗai kuwa, gara su haɗa masa da wani littafin da ya fi wannan ƙaramin inganci.