Sharhi Kan Ɗaga Motar Golf da Inci 6 da Sanya Mata Manyan Tayoyi

Motata Club Car Precedent ce mai aiki da batir, volt 48, ƙirar da aka fara fitarwa a 2004. Kamar takwarorinta na E-Z-GO da Yamaha, an ƙera ta ne domin shimfiɗaɗɗiyar ciyawar filin golf, shi ya sa tayoyinta na asali inci 18 ne kacal a kan wili mai inci 8. Ni kuwa a hanyar ƙasa nake bi da ita, mai tsakuwa da ramukan da ruwan sama ke haƙawa, inda cikinta yakan gogi ƙasa a kai a kai. Dalilin da ya sa ke nan na sayi kayan ɗagawa na inci 6, tare da tayoyi masu inci 22 a kan wili mai inci 12. Na yi amfani da su a rani da damina, kuma ra'ayina shi ne aikin ya biya buƙata, amma girman taya ne ya fi cancanta a tsaya a yi masa dogon nazari, fiye da kayan ɗagawar kansu.

Iri biyu na duba kafin na yanke shawara. Na farko yana canza ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa ne kawai da wani mai tsawo, ya bar sauran ƙafar motar yadda take, kuma ya fi sauƙin ɗaurawa. Na biyu yana maye gurbin ƙafar gaban da hannuwa masu siffar harafin A, sama da ƙasa. Shi na zaɓa, domin yana ba da damar saita karkatar taya, kuma kowace taya tana hawa da sauka da kanta idan ta faɗa rami. Ƙarafunan sun zo da kauri, waldarsu a tsabtace, fentin ma har yanzu bai ɓare ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne takardar bayanin da ke cikin kwalin: hotunanta baƙaƙe ne, ƙanana, kuma ba ta bambanta kusoshin da tsawonsu ya yi kusa da juna ba, sai da na jera su a ƙasa ina aunawa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya saba riƙe sifana zai iya aikin a yini guda, in ya samu mai kama masa. Kafin a taɓa komai, sai a mayar da maɓallin da ke wajen batura daga Run (yanayin tuƙi) zuwa Tow (yanayin jan mota ko gyara), a cire wayar batir, sannan a ɗora motar a kan ƙarafunan tokara, domin jak shi kaɗai ba abin da za a shiga ƙarƙashinsa ba ne. Gaban bai ba da wahala ba. Bayan ne ya ci lokaci, saboda injin da sandar da ke haɗa tayoyin baya a haɗe suke, da nauyi ƙwarai, kuma dole a sauke su a hankali a kan jak, gefe ɗaya bayan ɗaya, kafin a saka tubalan ƙarfe tsakanin sandar da sifirin, wato ƙarfe mai lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin mota, a ɗaure da sababbin kusoshi masu siffar U. A nan ne ya kamata ido ya kasance a kan wayoyin birki da na injin, domin suna miƙewa yayin da sandar ke sauka, kuma idan aka bar wayar birki a ɗame, birkin zai riƙa kamawa da kansa duk lokacin da motar ta yi tsalle.

Bayan an sauke ta ƙasa, saitin tayoyin gaba wajibi ne. Na auna tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu ta gaba da ta baya da awon tef, na juya sandunan sitiyari har gaban ya fi bayan matsewa da kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci. Wanda ya tsallake wannan zai ga sababbin tayoyinsa sun cinye ta gefe ɗaya tun ba a je ko'ina ba.

Akwai lissafin da masu talla ba su cika faɗa ba. Kayan ɗagawa jikin motar suke ɗagawa, amma akwatin giyar mota da ke tsakiyar sandar baya, wanda shi ne ya fi kusa da ƙasa, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Daga inci 18 zuwa 22, inci 2 kawai ya tashi, domin rabin ƙarin tsawon tayar ne ke ƙasan sandar, alhali kujerar da nake zaune a kai ta tashi da inci 8. Don haka dutsen da ke tsakiyar hanya har yanzu abin kaucewa ne, ko da yake cikin motar ya daina gugar ƙasa gaba ɗaya, kuma tayoyin masu faɗi suna ratsa yashi da taɓo ba tare da nutsewa ba, wanda shi ne ainihin abin da na nema.

Lissafin bai tsaya nan ba. Taya mai inci 22 tana cin ƙasa fiye da mai inci 18 da kusan kashi 22 cikin ɗari a kowane juyi, don haka gudu ya ƙaru a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. A kan tudu na ji wannan ƙarara. Hawan da take yi a da ba tare da nishi ba, yanzu da mutum biyu da kaya sai ta riƙa jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima, injin yana ɗaukar zafi, cajin batir kuma yana ƙarewa da wuri. Birki ma haka abin yake, domin a tayoyin baya kaɗai yake, kuma tsayar da babbar taya mai nauyi ya fi wuya, saboda haka nakan fara taka shi tun daga nesa, musamman a gangare.

Abin da ya fi damuna shi ne kwana. Mota da ta yi tsawo alhali faɗinta bai ƙaru sosai ba tana da saurin kifewa. Wilin da na saya irin wanda ke turo taya waje ne, ya ƙara mata faɗi, ya kuma hana taya gugar jiki idan an murɗa sitiyari har ƙarshe, amma duk da haka ina jin tana rinjaya idan na sha kwana da ɗan gudu, ko na bi gefen tudu a karkace. Ba na barin yaro ya tuƙa ta, kuma tsofaffi sukan sha wuyar hawa, har sai da na ƙara mata matakala a gefe.

Wanda hanyarsa ba ta yi muni sosai ba, ɗagawar inci 3 ko 4 da taya mai inci 20 za ta ishe shi, kuma ba zai rasa ƙarfi mai yawa ba. Wanda kuma yake shiga filin golf da tasa, ya fara tambayar masu filin, domin da yawansu ba su yarda da tayoyi masu manyan haƙora a kan ciyawarsu. Ni dai zan ci gaba da inci 22, amma na riga na tsara canza na'urar da ke sarrafa wutar injin da wadda ta fi ƙarfi, tare da wayoyin batir masu kauri, domin ta dawo da abin da ta rasa a kan tudu. Kafin nan, ina bin kusoshin U da notin tayoyi da sifana lokaci zuwa lokaci, saboda bayan tafiyar farko na tarar wasunsu sun ɗan saki.