Mun ɗauki ɗan jagora ya zaga da mu cikin birnin Kano, ga yanda ta kaya

In zuwanka Kano na farko ke nan kuma so kake ka ga ainihin cikin birni, ba Kantin Kwari da Sabon Gari kawai ba, to ka nemi ɗan jagora, kuɗinka ba zai tafi a banza ba. Amma fa kar ka sakar masa ragama gaba ɗaya, kai za ka tsara inda za a fara da inda za a ƙare tun kafin ka tura ko sisi, in ba haka ba za ka ga abubuwa amma za ka sha rana a banza kamar yanda muka sha.

Biki ne ya kawo mu daga Jos, ni da maiɗakina da Hajiyarmu da ƙannena, da aka watse muka ce ba za mu koma ba sai mun ga garin da ake ta ba mu labari. Wani ɗan ƙaramin kamfani aka haɗa mu da shi, irin na samarin nan da suka haɗa kai suke zagawa da baƙi, a WhatsApp muka gama magana, suka ce bas ƙarama da direba da mai bayani, rabin kuɗi kafin a fita rabi in an dawo. Alƙawari ƙarfe takwas na safe, ba su iso ba sai tara da rabi ta wuce, wai goslo. Motar tsaf take, kujeru lafiya lau, amma esin da aka ce akwai iska mai ɗumi kawai yake hurowa, ƙarshe gilasai muka sauke.

Gidan Makama muka fara, kuma a nan ne na huce daga haushin lattin, don gaskiya yaron da aka ba mu ɗan jagora ya san abin da yake faɗa. Ba haddar da ake karantowa ba ce, in ka katse shi da tambaya ba ya rikicewa. Ya ce gidan tun ƙarni na 15 yake, a nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin a gina Gidan Rumfa, wato fadar da take daura da shi, kuma Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ya tsayar da mu a cikin soro ya ce kowa ya ɗaga kai ya kalli rufin, azara ce aka jera aka ɗaure da bakan gizo na ƙasa, ba ƙarfe ba siminti, ga wani sanyi da ke ratsa ka duk da zafin da ke waje. Hajiya ta daɗe a ɗakin da aka yi wa jeren amarya irin na da, tana nuna wa matata kwanuka da tasoshi tana cewa irin su aka yi mata, mu kuma maza muna wajen tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da sulke da lifidi. A wajen hotunan zuwan Turawa ya ba mu labarin 1903, yanda sojojin Ingila suka shigo ta Ƙofar Kabuga a lokacin Sarki Alu ba ya gari. Abin da ya burge ni, in abu almara ne sai ya ce wannan fa haka ake faɗa, in tarihi ne tabbatacce ya ce wannan a rubuce yake. Da yawa ba sa rabewa, gauraya maka suke yi ka tafi da shi haka.

Fada kam daga waje muka gani, ta Ƙofar Kudu, ya gaya mana tun farko cewa shiga ciki sai da izini kuma ba a hannunsu yake ba, na ji daɗin da bai yi mana ƙarya ba. Muka leƙa Babban Masallaci mai koriyar ƙubba, wanda ginin da ake gani yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, muka wuce.

Karofin Ƙofar Mata shi ne wajen da ni dai in an ce in zaɓi guda shi zan zaɓa. Da ka shiga za ka ga an rubuta 1498, rijiyoyin rini ne birjik a fili ɗaya, wasu an kife su da murfin kaba, da yawa kuma sun cike ba a aiki a cikinsu, abin tausayi. Wani dattijo muka tarar a bakin tasa rijiyar yana zaune a ɗan dandamali, hannu cikin safar roba har gwiwar hannu, yana tsoma farin yadi yana ɗagowa. Ɗan jagoran ya durƙusa ya gaishe shi, Baba sannu da aiki, baƙi ne daga Jos, sannan ya ce mu matso mu zuba ido. Wallahi yadin in ya fito daga ruwan kore-kore yake, kana kallo iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa a sake ɗagowa, iya daɗewar da aka yi ana haka iya duhun da launin zai yi. Ganyen baba da toka da katsi ake haɗawa a bar su su jiƙu su ruɓa tsawon makonni kafin ruwan ya nuna, shi ya sa wajen yake da wani wari nasa, ƙanwata sai toshe hanci take. Zanen da ke jikin yadin kuma ɗauri ne, mata ke ƙulla shi da zare a gida, in an rina aka warware sai fulawar ta fito fara. Daga nan ya kai mu wajen mabuga, maza a jere suna dukan yadi da manyan guduma na itace a kan gungume har ya yi sheƙi, dukan ma a tare yake sauka kamar kiɗa. A nan muka sayi yadi daga hannun masu yinsa, kuma bai sa baki a cinikin ba ko kaɗan.

Kasuwar Kurmi ce ta ɓata min rai da su. Ba wai kasuwar ba, kasuwar kam abin gani ce, ita ma tun zamanin Rumfa take, lunguna ne matsattsu da in ba da ɗan gari ba sai ka yini kana zagaye wuri ɗaya, ga layin 'yan sirdi da kayan doki, ga masu turare, ga kayan fata, ga littattafan addini, ga ƙore da tagulla. Matsalar ita ce gudu-gudu ya dinga yi da mu ta cikin duk waɗannan, ina so in tsaya in kalli wani da ke ɗinkin linzami yana cewa Alhaji mu ƙarasa akwai wanda ya fi wannan a gaba, ashe gaban shagon mutuminsa ne. Can aka shimfiɗa mana tabarma aka kawo fiya wata aka shiga fito da jakunkuna da filalla na fata, muka kusa shafe awa guda. Kayan suna da kyau ban ce ba su da shi ba, amma da matata ta taya wata jaka a wani shago muna fita, kuɗin da aka sallama mata bai kai wanda muka biya ba nesa ba kusa ba. Kowa ya san akwai kamasho a irin wannan harka, ni ban ƙi mutum ya ci ba, neman halal ne, amma lokacin da na biya kuɗi a zaga da ni kar a cinye min shi a shago ɗaya.

Lattin safe da zaman Kurmi su suka ja muka isa gindin Dala bayan azahar, rana tsaka a ka. Haba! Wa yake hawa dutse a wannan lokacin? Matattakala ce ta siminti har sama, ba wai tsawon ne ya yi yawa ba, amma ba inuwa ko ta allura, Hajiya tun a ƙasa ta ce ku je ku dawo, direban ya nemo mata benci a ƙofar wani gida ya zauna yana taya ta hira, Mama kaza Mama kaza, Allah ya saka masa. A sama kuma sai ka manta da wahalar na ɗan lokaci, gari ne shimfiɗe ko ta ina, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin masallaci, ga kududdufai a tsakanin gidaje. Ya ba mu labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda, da yanda Wangarawa suka zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, amma wa ke sauraro, kowa so yake a sauka. Da nan aka fara da sassafe ko aka bar shi zuwa bayan la'asar, da a nan za mu fi daɗewa. Kuma daga sama ne mutum yake gane fasalin garin, in ka fara ganinsa daga can, duk inda aka kai ka daga baya ka san ta wane ɓangare kake.

Badala, wato ganuwar da ta kewaye birni, daga cikin mota muka gan ta, ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin tun wajen ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. A wurare da yawa ta zaizaye ta koma tudu, wasu wuraren an yi gini a kai, ƙofofin kuma yawanci an sake su da siminti. Mun wuce ta Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya zuwa Kabuga, a nan kaɗai aka tsaya muka ɗau hoto. Gidan Ɗan Hausa, gidan Baturen nan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, yana cikin jerin da suka turo min amma ba mu je ba, wai lokaci ya ƙure. Ba a rage mana ko kwabo ba.

Abinci ba ya cikin yarjejeniya, amma ya kai mu wajen masu gurasa a Jakara, bandashe mai zafi da ƙuli da man gyaɗa da albasa, aka haɗa da tsire. Wannan kam ba ni da ta cewa, har ƙulli muka yi na hanya.

Sai maganar kuɗi. Kuɗin nasu ba laifi in ka raba kan mutane, kuma da adaidaita muka dinga hawa muna sauka da tsohuwa da ba mu ga rabin abin da muka gani ba. Sai dai ba su faɗa mana cewa kuɗin shiga wurare da na fakin da ɗan abin da za ka miƙa wa wanda ka ɗau hotonsa yana aiki duk daga aljihunmu ne ba, a wajen muka ji, kuma ba ko'ina ake karɓar tiransifa ba, ka riƙe canji. Ka sa a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa, ka ce Dala da farko, ka ce a Kurmi kai za ka zaɓi inda za ka tsaya, kuma kar ka sa fitar ranar Juma'a don hanyoyin wajen fada da masallaci cushewa suke tun kafin azahar. Cikon kuɗin kuma ka riƙe shi sai an sauke ku. Ni da za a sake, yaron zan nema shi kaɗai in biya shi na bayaninsa, mota kuma in samo tawa.