Sharhi kan sashen asibitin da ya gano mini ciwon kumburin tsoka

Wata takwas na yi ina fama da raunin cinyoyi da kafaɗu, har ta kai ba na iya miƙewa daga kujera sai na dafa, kafin a tura ni sashen cututtukan tsoka da gaɓoɓi na wani babban asibiti. A wuraren da na je da fari, gajiya ake cewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda likitar ta ƙi gaggawar yanke hukunci. Ta daɗe tana duban jan ƙurjin da ke bayan gaɓoɓin yatsuna da launin shuɗi-shuɗi da ya bayyana a fatar idanuna, alamun da ni kaina ban ɗauke su da muhimmanci ba, sannan ta sa aka auna sinadarin CK a jini, wanda ke hauhawa idan tsoka na lalacewa. Daga nan aka ɗauki hoton MRI na cinya domin a ga inda kumburin yake, aka gwada aikin tsoka da siririyar allura mai auna lantarki, a ƙarshe aka yanki ɗan ƙaramin nama aka duba. Ciwon damatomiyosaitis ne, inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tsoka da fata. Ta kuma bayyana mini, ba tare da tsoratarwa ba, dalilin duba huhuna da binciken ciwon daji, tun da haɗarin ciwon daji ya fi yawa a shekaru 3 na farko bayan an gano wannan cuta.

Inda sashen ya gaza shi ne bayan an fara magani. An ɗora ni kan maganin rage kumburi na firednisolon mai yawa, daga baya aka ƙara wani maganin, metotireksat, domin a samu damar rage firednisolon ɗin, amma babu wanda ya zauna ya faɗa mini cewa na farkon yana iya ɗaga sukarin jini, ya raunana ƙashi, ya hana barci. Da jikina na gano. Sakamakon gwajin naman ma ya yi jinkiri, kuma sai da na nema da kaina aka haɗa ni da masu koyar da motsa jiki, alhali motsin da aka tsara yana taimakawa wajen dawo da ƙarfi.

Yanzu ina hawa matakala ba tare da dafa bango ba. Wanda zai je can ya rubuta tambayoyinsa game da illolin magani tun daga gida, domin ba za a fara ɗauko masa zancen ba.