Kariyar shokazobar gaba: wacce ta cancanci kuɗinka?

Mai hawa babur Yamaha Ténéré 700 ko sabon samfurin Honda Africa Twin ya san ƙafar gabansu, wato shokazobar, a kife take: bututu mai kauri a sama, siririn mai sheƙi a ƙasa dab da taya. Ƙarfi kam akwai, sai dai siririn bututun da ba ya son ƙwarzane shi ke cin tsakuwa. Da ya ƙwarzanu sil, wato zoben robar da ke tare man shokazoba, ya tafi, kuma da yake man yana saman sil ɗin, faifan birki zai gangaro wa.

Ni dai garkuwar roba mai tauri nake saya, irin ta kamfanin Acerbis ko Polisport, wadda ta zagayo har gefe, ba mai rufe fuska kaɗai ba. Tana tare dutse, tana tare ƙaya, kuma ta bar bayanta a buɗe, ka zura tsumma ka goge ƙurar hunturu kullum da yamma. Kafin ka biya, duba kaurin bututunka: na Ténéré milimita 43 ne, na Africa Twin 45. In an ɗaura, danna gaban babur ɗin ya nutse, ka tabbata ba ta gogar bututu ko tiyon birki.

Safar nan mai laushi da ake naɗawa a bututun, a rairayinmu tarkon yashi ce. Ƙarfen da ke haɗa ƙafa biyu kuwa na tsohon samfuri ne, kifaffiya ba ta buƙatarsa.

Inda aka cuce ni shi ne sil. Wani ɗan tireda ya miƙo min sil kore shar a kwali mai sunan SKF, kamfanin da aka san sil ɗinsa da launin kore, yana rantsuwa, "Alhaji, wallahi na asali ne." Arhar ta ruɗe ni. Ban kai Mashi ba a hanyar Daura na ji birki yana santsi. Na sauka na shafa bututun, yatsana ya fito da mai, ƙura ta riga ta manne kamar kunu. Launi ba shaida ba ne, 'yan jabu ma sun iya kore. Murza leɓen robar da yatsa, na ƙwarai sumul yake ba zare-zare. Dubi rubutun kwalin ko ya dushe. Garkuwar ma akwai ta bogi: irin wannan, ranar Katsina za ta iya farfasa ta kafin damina.

Kuma ka tsaya a kan bakanike lokacin ɗaure kusoshin maƙallin ƙasa, wanda ke riƙe bututu mai kauri a jikin babur. In ya matse fiye da abin da littafin babur ya ce, bututun zai riƙa cijewa, ka ɗora wa sil laifin da ba nasa ba.