Harajin gidaje ko asusun jiha: wanne ya fi riƙe makarantun gwamnati a Amurka?

A Amurka, gundumomin makarantu da yawa da harajin gidaje da filayen yankinsu suke gudanar da makarantu. Amfaninsa a fili yake: kuɗin na hannun mutanen gari, su ke zaɓen hukumar makaranta, su ke tuhumarta. Amma arzikin unguwa shi ke yanke wa yaro rabonsa.

Dubi birnin San Antonio na jihar Texas a shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968. Talakawan gundumar makarantu ta Edgewood sun ɗora wa kansu haraji mai nauyi fiye da na masu hali a gundumar Alamo Heights, amma dala 26 kacal suka tara wa kowane ɗalibi, su kuwa waɗancan dala 333. Ko da aka haɗa da tallafin jiha da na tarayya, 356 ne da 594. Iyaye suka kai ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi goyon bayansu a 1973, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Wannan hukunci yana ci mini rai har yau.

Ɗaya hanyar ita ce jiha ta tara, ta raba bisa yawan ɗalibai. Jihar Michigan ta koma can a 1994, ta ɗaga harajin saye da sayarwa daga kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari. Tazarar ta ragu, sai dai in kasuwa ta faɗi, makarantu ma sukan ji a jikinsu.

Ni dai ta biyun na zaɓa. Binciken masana tattalin arziki a 2016 ya nuna ƙarin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da ake kashe wa kowane ɗalibi tsawon shekara 12 yana ƙara wa 'ya'yan talakawa kusan rabin shekara a kan shekarun karatun da suke kammalawa.